Duwatsun da Alhaji Ya Jera

Shekara biyu na yi ina damun maƙwabcina Alhaji da magana ɗaya, ya tashi ya riƙa tafiya da ƙafa. Ni ma'aikacin jinya ne, ɗan Kudancin Kaduna, shi kuma mutumin zangon Kumasi, direban tasi. Ƙofarsa na kallon tawa a wani dogon gini a unguwar Park Hill, nan ƙasar waje inda muke neman abinci. Duk Lahadi idan na dawo daga coci ni nake auna masa jini, kuma ba ranar da abin awon ya faranta mini rai. Na gaya masa ƙiri-ƙiri, in bai motsa jiki ba, wata rana ni zan karɓe shi a asibiti.

Da ƙyar ya yarda muka fara zagaya bakin ruwa a St. George. Daga nan muka koma ƙananan tuddai a wajen gari. Jinin ya fara sauka, har bel ɗin wandonsa ya nemi sabon rami. Da na ce mu je yankin duwatsu na Adirondack mu hau babban dutse, dariya ya yi ya ce, "Ƙanena, a wajenmu mutum ba ya hawan dutse sai in akuyanshi ya ɓata." Amma ya shirya.

A gindin dutsen akwai tarin ƙananan duwatsu, da allo mai roƙon kowa ya ɗauki ɗaya ya kai sama. Alhaji ya ɗauki uku. Bai tambayi dalili ba, ni kuma ban gaya masa ba, alhali na sani. A can ƙoli, inda itatuwa suka ƙare, akwai wasu 'yan tsirrai da ba su kai tsawon yatsa ba. Taku ɗaya na iya kashe su, kuma sai an yi shekaru kafin su dawo. Duwatsun nan jera su ake yi a gefen hanya don ƙafa ta tsaya a kan falalen dutse. Ni ne kuma na sa ya bar dardumarsa a mota, wai don jaka kada ta yi nauyi.

Mun kai sama da azahar, yana haki yana murmushi. Na matsa gefe ina ɗaukar hoto. Shi kuwa ya yi alwala da ruwan gora, ya duba inda ƙasa take da laushi, ya kwaso duwatsu daga jerin nan ya zagaye wurin, ya fitar da ɗan lungu ta gabas. Irin masallacin da matafiya ke yi a bakin hanya a gida, wanda ko akuya ta matso sai an kore ta. A ganinsa tsabtace wurin ya yi. Ya cire takalmi ya ta da salla a kan tsirran.

Har yau in na tuna abin da ya biyo baya raina ɓaci yake yi. Wani ƙato mai sanduna biyu ya tsaya a kansa yana zuba masa tsawa, mutum yana sujada. Wannan ƙaton kuwa da idona na ga karensa yana birgima a cikin tsirran nan ba igiya, ba wanda ya ce masa uffan. Wayoyi suka tashi sama ana ɗaukar hotonsa. Wata mata ta ce da ƙarfi, irin waɗannan gara su zauna a birni. Dattijo mai furfura, wanda ya hau da dutse uku a bayansa saboda allo ya roƙa, shi suka mayar abin kallo. Laifi ya yi, ban ce bai yi ba. Amma ba wanda ya matso don ya fahimtar da shi, kowa so yake a ga ya fi shi sanin dawa.

Mai gadin wurin kaɗai ta yi abin kirki, wata yarinya mai hular malafa. Ta tsaya tsakaninsa da ƙaton har ya sallame, sannan ta durƙusa ta nuna masa tsirran da yatsa, ta yi masa bayani a hankali. Alhaji ya ba ta haƙuri. Ya mayar da duwatsun ɗaya bayan ɗaya, yana tambayarta inda kowane yake.

Ni ina taku goma daga wurin, da takalmina mai tsada da rigata irin tasu, ina fama da zif ɗin jaka wanda ba abin da ya same shi. Kunya ce ta kama ni, kada a san tare muke.

Muka sauko. Bai ƙara bi na ko bakin ruwa ba. Duk Lahadi yakan miƙo mini hannu in ɗaura abin awo, ya juya fuska yana kallon bango, jinin kuwa ya koma inda na same shi. Na yi ta zagin ƙaton da matar a gabansa, ina cewa kada ya bar lafiyarsa saboda marasa tarbiyya.

Wata Lahadi ya bari na gama zagin tsaf, sannan ya ce, "Su ba su san ni ba, ƙanena. Yarinyan nan ma aikinshi ya yi. Da na sallame dama, na sallame hagu, kai na nema."

Ya sauke hannun rigarsa ya tambaye ni nawa awon ya nuna.