Wayoyi Biyun da Bitrus Ya Hana Ni Haɗawa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Bitrus. Da damina nake ƙirgawa, don a tsakiyarta ya tafi. A makon nan kuma injin busar da kayan da ya gyara mini ya daina zafi, shi ya sa zama ya gagare ni.

Ni mai wanki ne a Jibiya, kusa da inda manyan motoci ke layi kafin su ƙetara Maraɗi. Direbobi ke kawo mini kaya, direba kuwa ba ya jiran rana. Takardunsa na fitowa zai tashi, ko rigarsa na ɗiga. Da rani igiya ta ishe ni. Da damina, wanda ba shi da injin busar da kaya gara ya rufe shago.

Bitrus mutumin Zuru ne. Aikin gwamnati ya kawo shi, na gyaran lantarki, da ya yi ritaya kuma bai koma ba. Shi ya raka ni Maraɗi muka sayo injin a hannun wani mai otal da ya karye. Yana zuwa coci, ina zuwa masallaci, shekara goma sha ɗaya ba mu taɓa taɓa wannan zancen ba. Faɗanmu duk a kan injin ne.

Ranar da ya fara ƙin zafi, gangar cikinsa na juyawa amma kaya na fitowa da sanyi, na aika aka kira shi. Bai ko dubi injin ba. Ya zaga bayan shago, ya jiƙa tafin hannu, ya tara a bakin bututun da iska ke fita. Babu iska. Ya zura sanda, sai ga gidan zanzaro ya faɗo, haɗe da burbushin zare kamar auduga.

"Sarkin wanki," in ji shi, "injinka lafiya lau yake. Toshe masa hanci kuka yi, kai da zanzaro."

Ran nan ya nuna mini tamostat, wani ɗan ƙarfe kamar murfin kwalba mai ƙafa biyu. In zafi ya taru ya wuce kima, shi ke yanke wuta. Ya ce kowa shi yake fara zargi, alhali sau da yawa aikinsa yake yi. Bututu za a fara dubawa, sai ragar da ke tare zare, sai fis, sai wayar da ke yin ja ta ba da zafi. Tamostat a ƙarshe. Gwajinsa ma ba da mitar awon wuta yake yi ba. A kan dutsen gugata mai zafi yake ɗora shi, ya kara kunne. In ya ce ƙas, yana da rai. Abu ɗaya ya hana ni: kada in taɓa cire shi in haɗa wayoyinsa biyu da juna. Ban yi makaranta ba, amma wannan na gane shi sarai.

Na gane, na kuma yi. A daminarsa ta ƙarshe yana kwance asibiti a Katsina, ƙafafu a kumbure. Injin ya yi sanyi, kayan direba tara a jiƙe, motocinsu za su tashi kafin la'asar. Na cire tamostat, na murɗe wayoyin wuri ɗaya, zafi ya dawo. Na tafi sallar azahar ina jin na yi dabara. Ina sallamewa na hangi hayaƙi. Masu shayi ne suka kashe wutar da yashi. Kayan sun tafi, rabin rufin ya tafi, bayan hannuna na hagu har yau bai koma daidai ba.

Kwana huɗu bayan haka aka sauke Bitrus daga babur a ƙofar shago. Ban aika masa ba, a asibiti labari ya same shi. Ya zauna a benci yana haki, ya dubi injin, ya dube ni.

"Ka duba bututun?"

Ban duba ba. Na zaga na zura sanda, gidan zanzaro ya faɗo. Na ɗora tamostat ɗin da na cire a kan dutsen guga, ya ce ƙas. Bitrus bai ƙara magana a kai ba. Kwana uku ya yi a bencin nan yana nuna mini da sanda, ina canja waya ɗaya bayan ɗaya, har injin ya tashi. Bai cika sati uku ba ya rasu. Matarsa ba ta taɓa cewa fitowar nan ce ta ƙarasa shi ba. Da ta faɗa ma da na fi samun sauƙi.

Ina tambayar kaina abin da zai ce da ya ga yau. Masu gyara sun yi yawa a garin, kowa da mita a aljihu, babu mai zagawa bayan shago. Shekaran jiya na kira ɗaya, Lawwali, magidanci ne, hannunsa ba laifi. Minti biyar ya yi ya miƙe.

"Baba, a yi mishi darek mana, a haɗe wayoyin kawai. Kowa haka shi kai, ba abin da ka faruwa."

Na nuna masa bayan hannuna. Ya ce tsautsayi ne. Na ce ya sauka lafiya.

Amma ba zan yi wa kaina ƙarya ba, wannan karon maganarsa tana da ƙafa. Na jiƙa hannu, iska na fita. Raga fes take, fis lafiya, wayar zafi ba ta tsinke ba. Na ɗora tamostat a kan dutse har yatsuna suka ƙone, bai ce komai ba. Ya mutu da gaske. Irinsa babu a Jibiya, babu a Katsina, don injin na ƙetare ne. Yau kwana shida ana ruwa. Kaya na wari a igiya, direbobin da na yi wa wanki tun suna yaran mota suna wuce ni zuwa sabon shagon da ke gaba, su ɗaga mini hannu kawai. Ina da baki takwas a gida. Jiya sau biyu na tsinci kaina tsugune bayan injin, wayoyin a hannuna, ina ce wa kaina ai zan tsaya a kansa, ba zan je ko'ina ba. An ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Ni ga shi macijin nake shafawa.

Abin da ya rage na Bitrus ba shi da yawa. Kabarinsa na Zuru, ban taɓa zuwa ba. Iyalinsa sun koma, akwatin kayan aikinsa an sayar. Matasan kasuwa ba su san sunansa ba. Hotonsa ma ba ni da shi. Sai dai duk sanda na kusa murɗe wayoyin nan, sai in ji kamar akwai mutum a benci da zan yi wa bayani, kuma ba ni da bayanin.

Na naɗe kowace waya da salatif, kowace ita kaɗai. Gobe in Allah ya kai mu zan ƙetara Maraɗi da mataccen tamostat a aljihu, in bi rumfunan tsofaffin ƙarafa ɗaya bayan ɗaya. In na samu, to. In ban samu ba, zan sa kwaɗo a shagon har ruwa ya ɗauke, a gida mu sha kunu.