Haƙorin Ramatu a Kan Kwano

Jiya 'yata Ramatu ta dawo daga lakwal, wato makarantar boko, da haƙorinta na famfara a tafin hannu, sai Kaka ta faɗo mini a rai. Baban Ramatu ya ce a jefa shi bola, wai mu daina camfin ƙauye. Na ce masa, "Malam, wannan haƙorin ba zai ga bola ba."

A gidanmu na Komah, can Sokodé, duk yaron da haƙorinsa ya fita wurin Kaka yake kai shi. Ranar da nawa ya fita tana suyar ƙosai. Ta goge hannu a zane, ta ƙulle haƙorin da guntun gawayi a tsumma. Ta rufe mini baki da hannunta mai ƙamshin mai da albasa, ta ce, "Kar ki yi dariya ƙadangare ya ga giɓin, sabo ya ƙi fitowa. Juya baya ki jefa kan rufi."

Wani maƙwabci ya leƙo ya ce wannan jahilci ne. Kaka ko kai ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na san Allah ne ke fito da haƙori. Amma abin da ya fita daga jikin jikata ba shara ba ne."

Nan Dapaong ba wanda ya san ta. Duk da haka na nemo gawayi, na juya Ramatu, ta jefa. Ƙarar da kwano ya yi, babanta ma ya ji daga ɗaki.

Allah ya haskaka kabarinki, Kaka. Muddin ina numfashi, ba haƙorin jininki da zai kwana a bola.