Ƙarfena a Cikin Kwamfuta

Mu huɗu muka fara kiɗa a bayan garejinmu da ke Bolari. Biyu na kaɗa jita, ɗaya na rera waƙa, ni kuma ina bugun tsofaffin wilin mota da sifana. Ƙarar ƙarfen nan ita ta bambanta mu da kowa a Gombe.

Mai waƙar ne ya fara barinmu. Bayansa mai jita ɗaya ya yi aure ya daina zuwa. Sai wanda ya rage ya kawo wani abokinsa mai kwamfuta.

Baƙon ya ce mini, "Yaya, ɗan buga mana ƙarafan nan mu ji." Na jera su daga babba zuwa ƙarami, na buga, ya naɗi ƙarar a kwamfutarsa.

Daga nan ba su sake nemana ba. Wata Asabar na kai mota GRA, sai na ji ƙarfena yana tashi daga sifika a wani gidan biki. Na shiga har gaban mai jitarmu, yana kiɗa tare da mai kwamfutar.

Ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya, mun hutar da kai ɗaukar kaya."

Na fizge wayar sifikar a gaban ango da amarya, na fita. Har yau ba na ɗaga sifana in akwai kwamfuta a wurin.