Ƙamus da ɗan ɓeran teku

Ranar da maƙwabcina Ƙamus ya sa matar wani babban baƙo ta haye kujera da takalminta mai tsini, unguwarmu ba wanda ya sha shayi bai ƙware ba don dariya.

Ƙamus sabis yake yi a otal. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, har tarinsa ina ji. Da wankin kwano ya fara, yana karanta jikin gwangwani kafin ya yar. Kowace kalma sai ya tono kakanta. Matarsa ta ce ko barkono ta aike shi saye, sai miya ta ƙone yana ba mai kanti tarihinsa. Da ƙyar da jiɓin goshi ya kai falon cin abinci, aka ɗaura masa ɗan baƙin ƙyalle a wuya. Wallahi har gida yake zuwa da shi, ko zafi na kashe jaki.

To, ranar ya kai wa matar nan wani abin teku mai baƙin ɓawo biyu, wanda Turawa ke kira mussel. Tana cikin ci, ba wanda ya tambaye shi, ya duƙa cikin ladabi.

“Ranki ya daɗe, wannan suna daga Latin ya fito. Asalinsa ɗan ɓera. Wai kama suka yi. Duba bayan nan nasa.”

Ta duba. Ta ga ɗan zare na leƙe daga ɓawon kamar wutsiya. Sai ihu, sai kan kujera, romo a rigar miji. Shi kuwa gogan naka yana biye da ita: “Ai ban gama ba, tsokar damtse ma asalinsu ɗaya!”

Manaja ya kwance ƙyallen da hannunsa, ya mayar da Ƙamus kicin.

Washegari na leƙa ta katanga, na same shi yana wanke kai, wuya fayau.

“Malam Ƙamus, ina kwana? Mu da ba mu yi boko ba, a taimaka mana. Kalmar ‘kora’ daga wane yare ta fito?”

Ya share kumfa daga ido, ya dube ni sama da ƙasa.

“Ba za ka gane ba, maƙwabci. Sai wanda aka taɓa bari ya shiga falo ake fitarwa.”