Dakta A-Sake da Allurar Yayarsa

A ɗakin gwaje-gwajen asibitin, Dakta A-Sake ake ce masa, kuma ba don ƙauna ba. Tun yana yaro haka yake: kwanon da aka wanke tas sai ya sake ɗauraye shi, abinci na can yana hucewa. Ya girma, ya yi karatun sinadarai, halin nan bai sake shi ba.

Aikin kam ya iya, wannan a ba shi. Akwai wani furotin da ke manne wa ƙwayoyin jiki masu mutuwa. Shi ke tsayawa bayan shingen dalma ya ɗaura masa wani sinadari mai haske da ido ba ya gani. A yi wa mai ciwon daji allurarsa, na'ura ta ɗauki hoto. In ƙarin dajin ya haska, maganin da ake ba majinyacin na kashe shi. In bai haska ba, a canja magani. Sai dai hasken nan ba ya jiran uban kowa, tun da aka haɗa yake raguwa kamar ƙanƙara a tafin hannu.

Gogan naka ya san haka sarai, amma ina! Ya tace, ya auna, ya taɓe baki, ya sake tacewa.

Ranar da aka kawo yayarsa, wadda ta goya shi, maganin daji ya riga ya zubar mata da gashi, ta koma ƙashi da fata. Hoton nan ne zai nuna ko wahalar da take sha na da amfani. Nas ta leƙo ta ce, "Dakta, tana kan gado fa, allurar ta yi."

"Wannan za a yi wa Yayata? Haba! Bari in ƙara tacewa."

Kaico da wannan mutum! Ko da aka yi allurar, hasken ya tafi. Hoto ya fito dishi-dishi. Likita ya ce ba abin da zai karanta a ciki, sai ta ƙara shan wani zagayen maganin kafin a sake gwadawa.

Ta kamo hannun ƙanenta ta ce, "Auta, me hoton ya ce?"

Wallahi ko kunya babu, ya ce, "Yaya, ban taɓa haɗa allura mai tsabtar wannan ba."

Ta sake shi. Ta juya fuska bango, ta miƙa wa nas hannun da duk jijiyoyinsa sun ɓace.