Tafarnuwar Madam Husaina

"Inna, da wake da Muniru, wa kika fi so?"

Tambayar da Surayya ta jefa wa uwarta ke nan, tana haki, allon lakwal, wato makarantar boko, a hammata, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. 'Yar ajin farko ce, ko haƙoran gaba ba ta gama famfara ba. Ga shi kuma lokacin tashi bai yi ba, rana ko tsaka ba ta kai ba. Uwar, Rahina, tana zaune a gindin turmi ta dafe goshi, don kwana biyun nan kanta sara yake kamar ana faskare a ciki. Tsakar gidan cike da maƙwabta da suka shigo taya ɓarar gyaɗa, ga surukarta Iya a kan tabarma ta miƙe ƙafa.

Wata ta tuntsire da dariya ta ce, "Ce mata wake, Rahina! Shi ake ci da mai da yaji. Muniru mi yake tsinana miki ban da kuka?"

Iya ba ta yi dariya ba. Ta riƙe haɓa ta ce, "To, kun ji abin da ake koyo a lakwal. Ɗiya ta tsaya gaban uwarta tana tuhumarta, gaban mutane."

Kunya ta rufe Rahina, ta ɗaga hannu za ta kai mata mari. Yarinyar ta goce, ta faɗa ɗaki a guje. Kafin a ce mene ne, sai ga ta ta fito da baya-baya tana jan tabarma, ƙanenta Muniru, jinjirin da ko rarrafe bai fara ba, kwance a kai. A daidai nan ne wata dattijuwa ta bankaɗo ƙyauren gida, ko sallama ba ta ƙarasa ba, hannunta fari fat da alli, mayafi na ja a ƙasa.

Madam Husaina ce. Saboda ita aka ɗauki alƙalamin nan, don haka bari a bar ta a bakin ƙyaure tukuna, a faɗi ko wace ce.

A wani ƙauye na yankin Kanambakashe take koyarwa, kuma tun da aka kawo ta ba ta taɓa yarda an ba ta wani aji ba sai na 'yan sabon shiga. Ajin nata rumfar zana ce. Kullum kafin mata su dawo daga rijiya ta riga ta share, ta yayyafa ruwa, ta shimfiɗa tabarmi, ta ajiye buta da sabulu a ƙofa. Ranar da ba sabulu, toka. Duk yaron da zai shiga sai ya miƙa hannu ta duba farce. Mai majina ta share masa tana faɗa, don Madam ba ta iya yin abu baki rufe ba. Faɗa gare ta, kowa ya sani. Har mu iyaye ba ta ƙyale mu ba, in ta ga ɗanki da kirci a ƙafa, a bakin rijiya za ta tare ki.

A cikin rumfar nan yara ke koyon ƙirga da 'ya'yan aduwa. A rairayi suke fara zana harafi da yatsa kafin a ba su alli. Suna koyon dama da hagu da rawa, sunayen launi da Hausa da Faransanci, sassan jiki, gaisuwar manya, wanke hannu, waƙa, da yadda ake jiran wani ya gama magana. 'Ya'yan makiyaya da ke zuwa da Fulatanci a baki, ta kan sa su gaya wa aji sunan abu da harshensu, su ma su zama malamai na ɗan lokaci. Ba ta raba darussan nan gida-gida. Abu ɗaya za ta ɗauko ta juya shi, lissafi ya fito a ciki, karatu ya fito, zane ya fito.

Amma akwai darasi ɗaya da ya ja mata suna a gari. Duk shekara, da an gama kaka an fara ɗure amfani a buhu, sai ta zana ƙoƙon kan mutum a babban allo, da ƙasusuwa a gicciye ƙarƙashinsa, ta ja jan layi a gindi. Yara su kwaikwaya a allunansu, zane ke nan. Su ƙirga idanu da ƙasusuwa, lissafi ke nan. Su faɗi launin layin. Sannan ta kwance bakin zanenta ta fito da ƙullin tafarnuwa, a bi da shi hannu-hannu kowa ya sansana, wai darasin hanci. Daga nan ta sa su rera:

"Ƙoƙon kai da jan layi,
ba na taɓawa, ba na sha.
Warin tafarnuwa ba a girki,
in fita waje in kira babba."

Maza a majalisa suka sa mata Madam Tafarnuwa. Suna cewa, "Mun kai su su koyi Faransanci su zama wasu abu, ita tana koya musu sansanar kayan miya." Wasu mata suka ce zanen ƙoƙon kai ba alheri ba ne, yana sa yara firgita. Ita kuwa ko a jikinta. Shekara ta zagayo, ta sake ƙullo tafarnuwarta.

A ranar da ake magana, tafarnuwar ta zo hannun Surayya. Ta sansana, ta yamutsa fuska, ta ce, "Madam, ai haka ɗakinmu yake wari. Har kazarmu da ke kwanci a ƙarƙashin gado ta mutu yau, da 'yan tsakinta duka."

Malamin ajin da ke maƙwabtaka da nata ya ce ta jikin zana ya ji muryar Madam ta canza. Ta tambayi yarinyar ko akwai buhuna a ɗakin. Akwai, na wake. Akwai gwangwani mai irin zanen nan? Akwai, a kan buhu. Wa ke kwana a ciki?

"Ni da Inna da Muniru. Muniru yana ciki yanzu ma, amai yake yi. Iya ta ce haƙori ne."

Madam ta saki alli. Ta ƙwala wa malamin kira ya riƙe mata yara, ta ce wa Surayya, "Ruga! Ƙafarki ta fi tawa. Ki fito da shi waje ko za a buge ki." A hanya ne yarinyar ta haɗa tambayarta, ita kaɗai, da ɗan hankalinta.

To, ga Madam a tsakar gida. Ba ta gaida kowa ba. Ta durƙusa kan jinjirin, ta ɗaga fatar idonsa, ta kara kunne a ƙirjinsa. Numfashi sama-sama, leɓe ya dushe, wuya ya saki. Ta miƙe, ta toshe hanci da mayafi, ta leƙa ɗakin Rahina, ta fizge tsummokaran da aka cusa a taga saboda sanyi, ta fito tana tari.

"Kada wanda ya ƙara shiga ɗakin nan! Rahina, wa ya sa ƙwayar bom a buhunan nan?"

Rahina ta ce Mas'udu ne, maigidanta, kafin ya tafi ci-rani. Waken gamanarta ne, 'yar gonar da take nomawa da hannunta. Bara a rumbu aka ajiye, ɓarayi suka yashe shi, shi ya sa bana ya ce a sa a ɗaki, a gefen gado, inda ido ke gani. Ya sayo ƙwayoyin a kasuwa, ya ƙulla a tsumma, ya tura cikin kowane buhu don kada ƙwari su ci. Haka kowa ke yi.

Iya ta ce, "Yo, Madam, maganin a cikin buhu yake, baki ɗaure. Wa ya ba yaro? Ni nan na haifi ubansa, na san zawon haƙori in na gan shi. A dama masa nono ya sha, ya ware."

Madam ta juya, ta sassauta murya don girman furfura, amma ba ta janye ko kalma ɗaya ba. Ta ce, "Iya, ki gafarce ni. Wagga ƙwaya ba sai an ci ta ba. Iska take zama, ta ratsa buhu, ta cika ɗaki. Abin da ya kashe ƙwarin shi ya kashe kazar. Kaza haƙori take yi?"

Mai barkwancin mai da yaji ta saki gyaɗar hannunta, ta dafe ƙirji, don ita ma buhunanta a ɗaka suke, da 'ya'yanta. Ta fita da gudu ba mayafi.

Rahina kuwa sai komai ya dawo mata. Da safen nan ita da kanta ta jawo mushen kazar da tsintsiya, ta jefar bayan gida tana tsaki, tana cewa ciwon kaji ya shigo gari. Ita da kanta ta mai da yaron ɗaki, ta ja ƙyaure don kada hayaniyar mata ta tashe shi. Ciwon kan da take ta sha wa magani, ashe ba zazzaɓi ba ne. Ta buɗe baki, salati kaɗai ya fito.

Madam ta daka mata tsawa. "Ba lokacin kuka ba ne! Goya shi. Kada a ba shi nono, kada a ba shi jiƙo, likita za mu." Ta aika aka kira mai moto, wato babur na haya. Ta ɗora Rahina da goyonta a tsakiya, ita ta hau baya ta riƙe su, tsohuwa mai ciwon gwiwa, a kan hanyar rairayi. Surayya ma aka biyo da ita a wani moton, tunda iska ɗaya suka shaƙa. A gidan likita aka duba uwa da 'ya aka ce da sauƙi, jinjirin kuwa aka wuce da shi asibitin Mayahi. Can ya yi kwanaki ana ƙara masa ruwa. Ma'aikacin da ya karɓe shi bai ɓoye wa Rahina ba, ya ce da yaron ya ƙara wuni a ɗakin nan, ba asibiti za a kai shi ba.

Muniru ya tashi. Yau yana nan yana bin awaki a tsakar gida, yana ɓarna, Iya na binsa da faɗa tana kiransa mijinta marar kunya.

Kafin Rahina ta dawo gida, an fitar da buhuna daga ɗakuna da yawa a garin, wasu a gaban idon Madam, don gida-gida ta bi bayan an tashi lakwal. Abin da aka gani ya isa ya hana uwa barci. Gidan da aka mai da gwangwanin ƙwayar wurin ajiye gishiri. Gidan da yaro ke kaɗa shi kamar ganga. Dodo, wani makiyayi da ke kawo nono kasuwa, ya zo da kansa ya ba da labari cewa tun bara ɗiyarsa ta ƙi ɗebo ruwa a wani bido, wato jarka, mai jan layi da ya tsinta a gona, ya zage ta, ya ce lakwal ta sa mata girman kai. Ya tsaya a ƙofar rumfa, sanda a kafaɗa, ya ce, "Madam, na zo in ce ki yi haƙuri, in kuma ce ki ƙara."

Da Rahina ta je godiya, ta tambaye ta me ya sa duk shekara take wannan darasi alhali ana yi mata dariya. Madam ta ci gaba da jera 'ya'yan aduwa cikin ƙwarya, ba ta ɗago ba. Ta ce a garin da ta fara aiki tana da wasu tagwaye masu surutu a tabarmar gaba. Wata safiya bayan kaka wurinsu ya zama fili. Ta ce, "Na koya musu harufa, na koya musu ƙirga. Ban koya musu wannan ba." Daga nan ta ce wa Rahina ta tashi ta tafi, yara na jira.

Bana Madam Husaina za ta ajiye alli, gwiwa ta ƙi, shekaru sun cika. Ba a san ko za a yi mata taro ba, ba a kuma san wa za a kawo rumfar ba.

Madam, ke ce kika tsaya a ƙofar da mu iyaye muka bari a buɗe ba mu sani ba. Ke ce kika sha sunan tsiya kika ƙi fasawa. Uwar 'yan sabon shiga, mai faɗa da gaskiya a baki. Mun kai miki yara don su iya rubuta sunansu, kika dawo mana da su suna iya tsare ran ƙannensu. Ba mu da abin biyanki. Allah Ya saka miki, Ya ba ki lafiyar gwiwa, Ya sa ki ga jikokin waɗanda kika share wa majina. Malaman da ke tasowa, wanda duk aka ba ajin farko kada ya ɗauka an rage masa daraja. Ya je ya zauna da Madam kafin ta tattara kayanta, ya karɓi ƙullin tafarnuwar nan daga hannunta.

Ke kuma 'yar'uwa da kike karanta wannan, ko ake karanta miki, kada ki tsaya a "Allah sarki". In akwai buhun da aka sa wa ƙwaya a ɗakin da kuke kwana, yau za a fitar da shi, ba sai maigida ya dawo ba, ba sai an tambayi kowa ba. Gwangwani ko bido mai ƙoƙon kai, kada ki wanke ki ce ya tsarkaka. In kaza ta mutu a ɗaka ba dalili, kwashi yaranki ki fita. In kuma ɗiyarki ta dawo daga lakwal da tambayar da ta ba ki kunya, sauke hannunki ki saurare ta. Rahina ta sami Madam a bakin ƙyaure. Madam ta kusa tafiya, ke ba lalle ne wani ya biyo 'yarki a guje ba.