Habibullah da Idon da Ba Ya Zuƙowa

Da hantsin ranar Talata, 14 ga Janairun 2025, ina tsaye gaban allo a makarantar da nake koyarwa a Gumel, aka leƙo ta taga aka ce mini ka rasu. Habibullah mai hoto, bayan 'yar gajeriyar jinya da duk muka ɗauka zazzaɓi ne. Na ajiye alli na faɗi abin da Musulmi ke faɗi: mu na Allah ne, kuma wurinsa muka nufa, wani yau wani gobe.

Kafin azahar sanarwar rasuwarka ta cika wayoyin mutane. Abin da ya ƙona mini rai shi ne hoton da aka liƙa mata. Wani ne ya yanko ka daga cikin taron wani biki, ya zuƙo ka da yatsu har fuskarka ta dagule kamar kunun da ya kwana. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana fitar da fuskokin jama'a tas, shi ne aka sanar da mutuwarsa da wannan. Na yi fushi, sannan na tuna ba laifin kowa ba ne. Kullum kai ne a bayan kyamara, wa zai ɗauke ka?

Ni Bamange ne, kai Bafulatani, saboda haka tun muna samari babu abin da ke tsakaninmu sai tsiya. Ban taɓa samun abin tsokanarka ba kamar ranar da na raka ka Kano, lokacin da ka bar kyamarar fim ka koma ta zamani. Kyamarar ka riga ka zaɓa. Abin da ya tsayar da mu shi ne idonta, wato gilashin nan da ake ɗaura mata a gaba. Mai shagon ya ɗauko maka wani zungurere mai zuƙowa, ya ce da shi kana tsaye a bakin kasuwar Maigatari za ka ƙirga haƙoran raƙumin da ke ƙarshenta. Ni kam ya burge ni. Na ce ka ɗauka, ko ba komai masu biki su san an kira mai hoto.

Ka juya shi a hannu ka ajiye. Ka ce a fito maka da kafaffu, waɗanda ba sa gaba ba sa baya. Aka jera maka guda uku, kowanne da lambar da ake kiran sa da ita. Mai talatin da biyar ka ce yana kwaso ɗaki duka, amma in ka matso yana kumbura wa mutum hanci. Mai tamanin da biyar ka ce ya iya fuska, sai dai yana son a ja da baya, ɗakunan mutanenmu kuwa ba su da bayan da za a ja. Sai ka ɗauki mai hamsin, ɗan mitsitsi kamar murfin gwangwanin madara, ka nuna mini wata lamba a bakinsa, ɗaya da ɗigo takwas. Ka ce gwargwadon ƙanƙantar lambar nan, gwargwadon faɗin ƙofar da haske ke shiga. Ba ka gwada shi a bakin titi ba inda rana take. Ka roƙi mai shagon ya buɗe maka ɗakin ajiyarsa mai duhu, ka tura ni ciki ka ɗauke ni ba tare da walƙiyar kyamara ba. Na fito ɗas, har furfurar da nake ɓoyewa.

Na ce rowar Fulani ce kawai, ka ga ƙarami ka ce shi ne mai kyau. Ka yi dariya ka ce, "Siddiq, ba ka ji an ce zumunta a ƙafa take ba? To zuƙowa ma a ƙafa take. Wannan idon ba ya satar mutum. In ina son fuskarka sai na tako na yi maka sallama."

Haka kuwa ka yi ta takawa. Daga Gumel zuwa Gagarawa Tasha, daga Sule Tankarkar zuwa rugagen da ke bakin iyaka, babu inda babur ɗinka bai sani ba. In an kira ka suna a ruga, ba ka fito da kyamara sai ka zauna, ka sha fura, ka tambayi lafiyar shanu. Tsofaffin da ke gudun walƙiya saboda idanunsu, kai kaɗai suke yarda ka ɗauka, domin ka kan zaunar da su kusa da ƙofa ka bar hasken Allah ya yi aikinsa. Ka kan wanke hoto ka mayar wa mai shi har gida ko da rugar ta tashi ta koma wani wuri. Na sha ce maka wannan ba sana'a ba ce, yawon gaisuwa ne. Ban san wata rana ran ƙanena zai rataya a kan wannan yawon gaisuwar ba.

Shekaru uku ke nan, da kaka. Ƙanena Ismail manomi ne a ƙauyenmu, arewa da Ɗanzomo. A makon sun yi cacar baki da mutanen rugar Ardo Sajo kan shanun da suka shiga masa wake. Ran nan ya tafi gona da safe bai dawo ba. Wajen azahar sai ga wani hoto yana yawo a wayoyi. Wani ne ya hau bishiya daga nesa ya zuƙo: makiyaya huɗu ɗauke da mutum cikin mayafi, ƙafa tana lilo, riga jina-jina, sun nufi ruga. Ba a ganin fuska, amma kowa ya gane rigar Ismail. A ƙarƙashin hoton an rubuta cewa sun kashe shi za su ɓoye gawa.

Ban san yadda na isa shagonka ba. Ka karɓi wayata ka daɗe kana kallo, sannan ka ce hoton bai ce an kashe kowa ba, ya ce dai an ɗauki mutum. Ka rataya jakarka ka tayar da babur ka ce in hau.

Muka tarar gari ya tashi. Matasa sun taru a bakin burtali da sanduna da adduna, wasu da galan na fetur. Mai gari ya kira hukuma, amma hanya da nisa ga yashi, shi kuma muryarsa har ta dushe. Can tsallaken gonaki ana hango samarin ruga sun yi layi da sandunansu, an kora mata da shanu baya. Mai gari ya aika mutum biyu, an kore su tun kafin su isa, domin mutanen ruga su ma sun ga galan ɗin fetur. Mahaifiyarmu na zaune a ƙasa a gefen taron. Ni kaina jinina tafasa yake yi, ba zan ɓoye ba.

Ka tsaya a gaban mutane ka cire hular da ke kaina, ka ɗaga ta sama ka ce kowa ya dube ta da kyau. Ka ba ni wayarka da jakarka. Ka cire fitilar walƙiya daga kan kyamara ka miƙo mini. Ka ce wa mai gari, "Ranka ya daɗe, a riƙe mini yaran nan har in je in dawo. In gawa na gani, gawa zan ɗauko muku." Sai ka shiga gona a ƙafa, kyamara tana lilo a ƙirjinka, hulata a hannu, kana rangaɗa sallama tun ba mai jin ka.

Wani a bayana ya ce ai ɗan'uwansu ne, zai je ya shirya musu ƙarya. Wani ya ce da yana da babbar kyamara da daga nan ma ya ɗauko. Muna kallo ka isa layin samarin ruga. Muka ga sanduna sun ɗaga. Ka tsaya cik, ba ka ja da baya ba. Wallahi a lokacin na san in sanda ɗaya ta sauka a kanka, babu mai gari a duniya da zai riƙe mutanen nan. Can sai wani dattijo ya ratso layin ya kama hannunka. Ardo Sajo ne. Kuka ɓace cikin bukkoki.

Abin da ya faru a ciki daga baya na ji shi, daga bakin Ardo da na Ismail. Kububuwa ce ta sari Ismail a gona. Masu kiwo suka tsince shi yana zubar da jini ta ƙafa da dasashi, kamar yadda dafinta ke yi, suka kai shi bukkar Adda, yayar Ardo, domin ta fi kusa. Sun so su wuce da shi asibitin Gumel, amma hanya ɗaya ce, kuma ta cikin garinmu ta bi. Wa zai ratsa mutane masu adduna da ɗansu kwance cikin jini, ba ya iya buɗe baki ya ce ba su ba ne? Ardo ya ce in ya cika a hannunsu a kan hanya, sun ƙare. Suna jira, dafi kuma ba ya jira.

Bukkar duhu ce, ƙofa ɗaya 'yar ƙarama. Ismail ya ce ya ga ka durƙusa, ka sa masa hulata, ka matsa gefe don kada ka tare hasken ƙofa. Ka taɓa gaya mini cewa in aka buɗe ƙofar idon nan gaba ɗaya, abu ɗaya tak yake fitarwa sosai, saura duk ya narke, saboda haka dole mai ɗauka ya san abin da ya zo nema. Ba ka nemi ƙafar da ta kumbura ba, ba ka nemi jinin ba. Ka matso har yana jin numfashinka, ka kira sunansa, ka ɗauki idonsa. Sannan ka ce Adda ta yi masa magana, ka sake ɗauka.

A wajenmu kuwa haƙuri ya ƙare. Rana ta karkata, matasa suka fara matsawa cikin gona, mai gari yana riƙe rigar wannan, wancan yana wucewa. An riga an buɗe murfin galan ɗaya, ina jin warin fetur. Sai ga ka ka fito da gudu, kai da ban taɓa ganin ka yi sauri ba ko ruwa ake yi. Ka faɗi a kunyar gero ka tashi, hannunka a sama da kyamara.

Ba ka nuna wa mai gari ba, ba ka nuna mini ba. Ka wuce kai tsaye ka durƙusa gaban mahaifiyarmu. Mutane suka rufe ku. Wani ya leƙa ya ce gawa ma ana sa mata hula a jingina ta. Sai ka danna hoto na biyu. A na farko Ismail yana kallon mai kallonsa. A na biyu ƙwayar idon ta juya gefe wajen Adda, ga hawaye ya taru a gefenta yana ƙyalli. Inna ta sa yatsa a kan gilashin ta ce, "Gawa ba ta juya ido. Ɗana yana da rai. Ku ba shi hanya." Ka ce, "Maciji ne. Ku ajiye sanduna ku kawo amalanke."

Waɗanda suka zo ƙona ruga su suka tura amalanken, samarin Ardo suka kama ɗaya gefen. Likita ya ce da an ƙara jinkiri kaɗan da sai dai wani labarin. Washegari na ce maka to, na yarda, ɗan murfin gwangwaninka ya yi rana. Ka ce in Bamange ya yarda da magana, lallai a duba lafiyarsa.

Ranar jana'izarka Ismail ne a gaban makara, da ɗan ɗingishin da saran ya bar masa. Ardo Sajo ya zo da mutanensa tun daga inda suka koma, ya ƙi hawa mota daga tasha, ya ce wanda ya tako musu a ƙafa, a ƙafa za su tako masa.

Da na dawo gida, hoton sanarwar nan yana ta cina, sai na ɗauko na Ismail, wanda ka wanke mini babba na rataye a zaure. Na daɗe ina kallon sa, amma ban taɓa matsowa ba sai ran nan. A cikin ƙwayar idon akwai ɗan farin haske, ƙofar bukkar Adda ce. A gefen hasken kuma ga wani mutum ɗan ƙarami a durƙushe, ya kauce don kada ya tare wa wani haske. Na kira Ismail na nuna masa, muka zauna muka yi kukan da ba mu yi a maƙabarta ba. Ashe ina da hotonka, Habibullah, kuma babu wanda ya fi shi kama da kai.

Ya Allah, bawanka ya zo maka. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa Ka cika shi da haske, kamar yadda ya nemo haske a ɗaki mai duhu ya kashe wutar da ta kusa cin gari biyu. Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinsa Hajiya Sharifa, da 'ya'yansa Hidaya da Ɗalha, da 'yan'uwansa masu hoto na Gumel da Maigatari, da duk wanda ya taɓa zama kusa da ƙofa ya ɗauke shi. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya raya abin da ya bari. Mu kuma da muke tafe a bayansa, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.